Golan da 'Yan Kallo Suka Yi wa Ihu, Ƙungiya Ta Ƙi Sakinsa

A wasan hoki na ƙanƙara, ragar da gola yake tsarewa 'yar ƙarama ce: faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4. Abin da ake bugo masa kuwa wani ɗan faifan baƙar roba ne mai tauri, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle. Idan ƙaƙƙarfan ɗan wasa ya maka masa sanda, gudunsa kan kai kilomita 160 a awa. A gasar NHL ta Amurka da Kanada, gola kan fuskanci bugu wajen 30 a kowane wasa. Wanda yake tare 92 cikin 100 gwani ne. A shekarun baya, wanda ya sauko zuwa 90 cikin 100, akan fara neman wanda zai maye gurbinsa. Tazarar da ke tsakanin yabo da zagi ke nan, bugu biyu kacal cikin ɗari.

Labarin Carey Price ya nuna yadda wannan 'yar tazara take iya kayar da matashi, da kuma abin da yake tayar da shi. An haife shi a 1987, ya tashi a Anahim Lake, wani ƙauye mai nisa a lardin British Columbia na Kanada. Babu ƙungiyar yara a kusa, don haka mahaifinsa, wanda shi ma tsohon gola ne, yakan kai shi atisaye garin Williams Lake, tafiyar fiye da kilomita 300, har ta kai ya sayi ɗan ƙaramin jirgin sama don rage wahalar hanya. A 2005 ƙungiyar Montreal Canadiens ta ɗauke shi a matsayi na biyar cikin matasan shekarar. Ya fara buga mata a 2007 yana ɗan shekara 20.

Montreal ba wurin koyon aiki ba ne. Ƙungiyar ta ci Kofin Stanley, wato kofin gasar NHL, sau 24, fiye da kowa, amma rabonta da shi tun 1993. Magoya bayanta sun ga manyan masu tsaron raga irin su Jacques Plante da Ken Dryden da Patrick Roy, kuma da wannan mudun suke auna duk yaron da ya tsaya a raga. A kakar 2008 zuwa 2009 Price ya fara da kyau, sai ya ji rauni a idon sawu, da ya dawo kuma wasansa ya ƙi komawa daidai. A fafatawar neman kofi, Boston ta fitar da Montreal a wasanni huɗu a jere. A wasan ƙarshe, da ya tare wani bugu mai sauƙi, 'yan kallo suka yi masa tafin ba'a. Shi kuma ya ɗaga hannuwansa sama yana mayar musu da martani.

Me ke faruwa da gola a irin wannan hali? Yawancin masu tsaron raga na yanzu suna tare bugu ne ta hanyar faɗawa kan gwiwoyi, su baza ƙafafu su rufe ƙasan raga. Dabarar tana aiki ne idan an faɗa a kan lokaci. Golan da tsoro ya shige shi yakan yi gaggawa, ya durƙusa kafin faifan ya bar sandar mai bugu, sai saman raga ya buɗe. Ko kuma ya riƙa ja da baya yana maƙalewa cikin raga, mai bugu ya ga sarari hagu da dama. Da an ci shi, sai ya ƙara ƙoƙari, ƙarin ƙoƙarin kuma ya ƙara masa motsin da bai kamata ba. Ɗan wasan gaba zai iya ɓuya cikin 'yan'uwansa idan abin ya ƙi. Gola kuwa shi kaɗai ne, kuma duk lokacin da aka ci shi jar fitila ce take kunnuwa a bayansa.

A kakar da ta biyo bayan wancan tafin ba'a, gola Jaroslav Halak, ɗan ƙasar Slovakiya, ya ƙwace wa Price gurbi, ya kai ƙungiyar har zagayen kusa da na ƙarshe bayan sun doke Washington da Pittsburgh. Gari ya ɗauka Halak ne gwarzo. Amma a duba lissafi: Halak ya tare kashi 92.4, Price kashi 91.2. Bugu 12 cikin dubu ne ya raba su. A watan Yunin 2010 shugabannin ƙungiyar suka yi abin da ya fusata magoya baya, suka miƙa Halak ga St. Louis, suka riƙe Price. A wasan share fage na farko aka sake yi wa Price ihu, ya ce wa mutane su kwantar da hankalinsu, ba a cin kofi a wasan gwaji.

A ganina wannan shawara ita ce rabin maganin. Golan da ya san cewa kuskure ɗaya zai mayar da shi benci ba ya iya jira, alhali jira shi ne sana'ar. Da aka cire masa wannan fargaba, Price ya buga wasa 72 cikin 82 a kakar 2010 zuwa 2011, ya ci 38, a wasa 8 ba a zura masa ko ɗaya ba, ya tare kashi 92.3.

Sauran rabin aikin koci ne. Da wasansa ya sake yin ƙasa a 2013, Montreal ta ɗauko Stéphane Waite, kocin masu tsaron raga wanda ya ci kofi sau biyu da Chicago. A 2014 Price ya tsare wa Kanada raga ta ci zinare a gasar Olamfik ta Sochi a Rasha. A kakar 2014 zuwa 2015 ya ci wasa 44, ya tare kashi 93.3, aka ba shi kyautar golan shekara da ta ɗan wasan da ya fi kowa amfani a gasar baki ɗaya, kyautar da ba kasafai gola yake samu ba. Yana da shekara 27 a lokacin.