Kujerar kansila a Tasawa da Mayahi: ƙuri'a ke ɗorawa, takarda ke saukewa

Duk wadda ta taɓa kasa tumatir ko ƙuli-ƙuli a kasuwar Tasawa ko ta Mayahi ta san mai tikiti. Tun kafin a yi cinikin fari ya iso, ya yago 'yar takarda, a kwance bakin zane a biya. Haka mai rumfa, haka mai amalanke, haka wanda ya jawo jar akuya zuwa kasuwar bisashe. Amma kaɗan ne daga cikinmu ke tambayar inda kuɗin nan ke zuwa, da wanda aka ɗora wa alhakin sa ido a kansu. A bisa doka, kafin a rusa majalisu a 2024, wannan aikin kansila ne, shi ya sa yau muka ga ya dace mu waiwayi tarihin kujerarsa.

An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairun 1999, zamanin Janar Ibrahim Bare Mainasara, amma rikici ya biyo bayan ƙidayar ƙuri'u, aka kashe Bare ranar 9 ga Afrilu, zaɓen kuma ya bi ruwa. Sai ranar 24 ga Yulin 2004, zamanin Tanja Mamadu, aka yi wanda ya tsaya da ƙafafunsa: komin 265 a faɗin Nijar, kujerun kansila 3,747. MNSD Nasara ce ta fi samun kujeru a ƙasa baki ɗaya, PNDS Tarayya da CDS Rahama na biye.

Gundumar Tasawa ta samu komin bakwai: Tasawa, Bawdeta, Hawandawaki, Kona, Korgom, Maijirgi da Urafan. Mayahi ta samu takwas: Mayahi, Attantane, Alhasan Mairairai, Gidan Amumun, Isawan, Kanambakashe, Sarkin Hausa da Cake. Mutumin Urafan da a da sai ya yi doguwar tafiya zuwa Tasawa kan 'yar takardar haihuwa, ya wayi gari da magajin gari a kusa da shi.

To, a lokacin da ake zaɓe, yaya mutum ke zama kansila? Nan ne da yawa daga cikinmu suka sha mamaki. Ba sunan mutum ɗaya muke jefa wa ƙuri'a ba, jerin sunayen jam'iyya ne, kuma ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Idan jam'iyya ta ci kujeru huɗu, to na sahun gaba ne ke shiga. Sau da yawa sai a sa mai jama'a, wani sanannen ɗan kasuwa ko shugabar matan unguwa, can ƙasan jeri don a jawo ƙuri'a, a gama zaɓe ku tarar wani daban ne ya hau. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi. Saboda haka babban faɗan ɗan takara ba ranar zaɓe yake ba, yana ranar da uwar jam'iyya ke tsara jerin.

A wancan tsarin, bayan an zauna, kansiloli ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, su ne kuma ke iya tsige shi ta hanyar ƙuri'ar yanke ƙauna. Su ke amincewa da kasafin kuɗin shekara: nawa za a tara daga tikitin kasuwa da lanho, nawa za a kashe kan rijiya, rumfuna, aji ko kwashe shara. Sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki na yankin suna zama tare da su, suna ba da shawara, amma ba su da ƙuri'a. Kansila kuwa ba ya da albashin wata, sai ɗan alawus na zaman taro. Wanda ke da sana'arsa yana iya ɗaga murya. Wanda ya dogara da aljihun magajin gari, da wuya ya buɗe baki, domin bakin da ya ci shi ke godiya.

Kansilolin farko ba su shigo a sa'a ba. Shekarar 2005 da suka fara aiki ita ce ta matsananciyar yunwa, jihar Maraɗi kuma na cikin inda abin ya fi ƙamari. Wa zai nemi lanho wurin magidancin da rumbunsa ya ƙare?

Daga nan kujerar ta shiga hawa da sauka. An yi wani zaɓe a Disambar 2009 cikin guguwar Tazarce, manyan jam'iyyun adawa suka ƙaurace masa. Ko wata biyu ba a yi ba, ranar 18 ga Fabrairun 2010, sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da Tanja, aka naɗa kantomomi. Ranar 11 ga Janairun 2011 aka sake zaɓe. Waɗanda suka ci a lokacin wa'adin shekara biyar aka ba su, amma aka yi ta ɗage zaɓe ana ƙara musu lokaci har ranar 13 ga Disambar 2020. Wato kusan shekara goma kansila bai dawo ya tsaya gabanmu neman ƙuri'a ba. Su kuma 'yan 2020 ba su kai ƙarshen nasu wa'adin ba: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Janar Abdurahaman Tiani ya rusa majalisun ranar 4 ga Afrilun 2024, aka mayar da kantomomi. A 2025 jam'iyyun ma aka rusa su.

Mata 'yan kasuwa, akwai abin lura a nan. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta tilasta a ba mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Albarkacinta mata sama da 600 suka zama kansiloli tun a 2004. Sai dai shiga zaure daban, a saurare ka daban. Macen da aka sa don cika ƙa'ida kawai ba ta kai kukan mai tuyar ƙosai. Wadda matan adashi da na kasuwa suka tsayar da kansu, ita ce ke da bayan da za ta jingina.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, kansila ya zo ya tafi, kantoma ya zo ya tafi ya kuma dawo, amma tikiti bai taɓa fashin ranar kasuwa ko ɗaya ba. Tunda biya bai tsaya ba, bai kamata tambaya ta tsaya ba. Mu karɓi tikiti duk lokacin da muka biya, mu adana shi, domin kuɗin da aka karɓa ba takarda ba lalle ne su isa baitulmalin komin ba. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa su je ma'aikatar magajin gari cikin ladabi su tambayi abin da kasuwarsu ta tara bana da abin da aka yi mata.

Ranar da aka sake buga gangar zaɓe kuwa, kada turmin atamfa da sabulu su rufe mana ido. Mu ce a karanta mana jerin tun daga sama, mu ji sunan wa ke gaba. Wanda ya taɓa zama kujerar kuma mu tambaye shi rumfa nawa ya kafa, rijiya nawa ya gyara. Allah ya ba mu shugabanni masu tausayin talaka, ya sa albarka a kasuwanninmu.