Zaɓen Murhu a Kafanchan da Kewayenta

Duk magidancin da ya shiga kasuwar Kafanchan, ko ta Zonkwa ko ta Kachia, da niyyar sayo wa iyalinsa abin girki, zai tarar da kurfoti da risho da tukunyar gas jere a rumfuna, kowane ɗan kasuwa yana yabon hajarsa. Amma abin da ya wajaba ya yi tadabburi a kansa tun kafin ya taya shi ne nawa makamashin zai riƙa ci masa duk wata, domin kuɗin murhu sau ɗaya ake biya, na makamashi kuwa ba ya yankewa muddin ana ɗora tukunya.

Murhun duwatsu uku, wanda muka gada kaka da kakanni, ba shi da tsada ko kaɗan, sai dai masana sun auna sun ga cewa abin da ke isa gindin tukunya daga zafinsa bai cika wuce kashi 15 cikin ɗari ba, saura duk iska ke kwashewa. Lamarin ya fi muni a ƙasar nan tamu, inda damina kan kankama tun watan Afrilu ta kai Oktoba, saboda jiƙaƙƙen icce sai ya ɓatar da ƙarfinsa wajen ƙafar da ruwan jikinsa kafin ya kama, uwargida tana durƙushe tana fifita da murfin roba, idanu jawur, ga goyo a baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a duniya, ta hanyar ciwon huhu da na zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ga kuma gatari da ke cin dazuzzuka daga gindin duwatsun Kagoro har zuwa gandun Nimbia.

Maganin wannan israfi ba baƙon ilmi ba ne a nan, domin mutanen dā waɗanda ake jingina al'adarsu ga ƙauyen Nok sun narkar da tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce, bisa fahimtar cewa wutar da aka killace, aka buɗe mata ƙofar iska daidai gwargwado, ta fi wutar fili zafi nesa ba kusa ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina ingantaccen murhu, ko na laka ne da ake iya ginawa a madafa, ko na ƙarfe irin Save80 wanda ƙungiyar DARE ta Kaduna ta yaɗa, mai dafa abinci da 'yan ƙiraruwa kaɗan. Ga gida mai yawan baki, inda ake tuƙa tuwon acca ko na masara a babbar tukunya, ake kuma dafa wake na tsawon sa'o'i, babu wanda ya kai shi maslaha.

Amma gawayi, ko da yake hayaƙinsa kaɗan ne, yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma ita ce kan hallaka waɗanda suka shigar da kurfoti ɗaki suka rufe ƙofa da taga lokacin hunturu. Risho kuwa zamaninsa ya ja baya tun da aka janye tallafin kananzir a 2016, balle ga haɗarin gurɓataccen kananzir wanda aka cuɗanya da fetur.

Gas ya fi su duka tsabta da sauri, kuma fiye da rabin zafinsa yana shiga tukunya, sai dai yana da sharuɗɗa. Tukwanensa da aka fi sani su ne mai kilo 3 da mai 6 da mai 12.5, kuma ya kamata mai saye ya duba shekarar da aka buga a jikin tukunyar, ya guji mai tsatsa ko lotsewa komai sauƙin kuɗinta, domin araha ba ta ado. Idan an haɗa tiyo, sai a shafa kumfar sabulu a mahaɗa, in ta yi ƙwai to akwai yoyo. In kuwa aka ji wari, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki, saboda gas ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwantawa. Wanda ke ƙauye kuma ya lissafa kuɗin babur zuwa wurin ɗuri. Murhun lantarki dai amfaninsa yana rataye ga samuwar wuta, kowa ya san halin unguwarsu.

Abin da ya fi dacewa ga galibin gidaje shi ne haɗa biyu, wato ƙaramar tukunyar gas domin shayi da ɗumame da miya, da ingantaccen murhu a wuri mai iska domin girki mai nauyi, tare da tanadin busasshen icce a rumfa kafin ruwa ya sauka. Maigida, kafin ka nufi kasuwa, ka zauna da uwargida ku yi shawara, domin ita ta san girman tukunyarta, kuma ita ce ke shaƙar hayaƙin.