Motar Bishara Ta Tsallake Rafi? A Duba Man Ƙarƙashinta

Ekklesiyoyi da yawa sun haɗa baiko na shekaru kafin su sayi a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu, irin Toyota Hilux, domin kai bishara da magani ƙauyuka. Direbobinmu sun san juyen baƙin mai bayan kilomita 5,000 a hanyar ƙura. Amma akwai man da ba mai tunawa da shi.

Motar nan tana da aksil biyu, gaba da baya, ga akwatin giya, ga kuma ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi ga ƙafafun huɗu. Kowanne da nasa man. In mota ta yi tafiya ƙarfen ya yi zafi, sai ta faɗa rafi mai sanyi, iskar ciki takan tsuke, ta zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashin da ke bisa aksil. Direba ba zai ji komai ba a ranar. Sai bayan watanni a fara jin kuka daga baya, haƙoran ƙarfe sun cinye juna, ga Fasto da majinyaci a tsakiyar daji.

Saboda haka duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya, a kwance noti a duba. In man ya yi fari kamar kunun gyaɗa, a zubar a sa sabo. A buga giris a furofela.

Man birki kuwa yana shan laima, a canja shi duk shekara biyu. Ma'aji ya ware kuɗin tun kafin damina, kada direba ya zo yana roƙo.