Bayan Tiyatar Dajin Furostet: Lambar Da Ya Kamata Uwargida Ta Sa Wa Ido

Furostet wata 'yar tsoka ce da maza kaɗai suke da ita, tana ƙarƙashin mafitsara, ta zagaye hanyar fitsari. Dajinta shi ne wanda mutanenmu suke kira dajin mafitsara, kuma shi ne ya fi kowane daji yawa a tsakanin mazan Najeriya. Idan an yi wa maigida ko baba tiyata an cire ta, aka sallamo shi, gida yakan ɗauka an gama. Amma akwai sauran aiki, kuma a yawancin gidaje a hannunki yake, domin ke ce mai ajiye takardun asibiti, ke ce mai tuna ranar komawa.

Aikin shi ne gwajin jini da ake kira PSA. Wani sinadari ne da furostet take samarwa, ya ɗan ɗiga cikin jini. Tun 1986 aka amince da shi a Amurka don bibiyar masu wannan cuta. Hikimar a fili take: tunda an cire tsokar gaba ɗaya, bai kamata a ci gaba da ganin sinadarinta ba. Duk kwana biyu zuwa uku rabinsa yakan gushe daga jini, shi ya sa ake jira kamar sati shida zuwa takwas kafin gwajin farko. Abin da ake fata shi ne a rubuta ƙasa da 0.1, ko a ce ba a gano shi ba.

Idan daga baya lambar ta kai 0.2 ko ta wuce, aka sake gwaji ya tabbatar, likitoci sukan ɗauka cewa akwai ƙwayoyin dajin da suka rage a wani wuri. Wannan yana faruwa ga kimanin mutum biyu zuwa huɗu cikin goma a cikin shekara goma. A lokacin mutumin yana cin abincinsa, yana zuwa kasuwa, babu inda yake masa ciwo. Jinin ne ya riga jikin magana.

Kada gabanki ya faɗi da ganin lamba ɗaya. Wani sanannen bincike na asibitin Johns Hopkins da aka wallafa a 1999 ya bi mazan da aka yi wa tiyata kusan dubu biyu. A cikin waɗanda lambarsu ta tashi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne cutar ta bazu a jikinsu, kuma a matsakaici sai da aka ɗauki shekara takwas kafin a ga hakan. To, me yake bambanta wanda ke cikin haɗari da wanda zai daɗe lafiya? Abu uku likita yake dubawa. Saurin ninkawar lambar shi ne babba: wadda ta ninka kanta cikin wata uku ba ɗaya take da wadda ta ɗauki shekara biyu ba. Sai lokacin da ta fara tashi, domin tashi cikin shekara biyu na farko ya fi tayar da hankali. Sai kuma sakamakon tsokar da aka cire aka kai ɗakin gwaji, wanda yake nuna zafin dajin. Ki nemi wannan takardar ki adana, mutane da yawa suna barin ta a asibiti.

Amfanin ganowa da wuri shi ne akwai magani na biyu. Gashi da na'ura a gurbin da aka cire furostet ya fi yin aiki idan an fara shi kafin lambar ta wuce 0.5, wani lokaci a haɗa da allurar rage sinadarin maza. Wanda ya tsallake gwaji shekara biyu yana iya dawowa ya tarar wannan damar ta wuce shi.

A nan nake so ki lura sosai, don na ga yadda abin yake rikita iyalai. Ba kowace tiyatar furostet ce ta daji ba. Dattawa da yawa ana yi musu aiki ne saboda kumburin da ke tare fitsari, a kankare cikin tsokar a bar ɓawonta. Irin waɗannan lambarsu ba za ta koma sifili ba, kuma ma'aunin 0.2 bai shafe su ba. Ki tambayi likita kai tsaye: duka aka cire ko wani ɓangare?

Za ki riƙa ganin labarai a waya cewa an gano sababbin gwaje-gwajen jini da ke hango dawowar cutar, kamar neman ƙwayoyin daji masu yawo a jini ko ɓurɓushin gadonsu. Gaskiya ne ana bincike a kai, amma a ra'ayina kada ki sayar da kadara saboda su. Bayan tiyata, har yanzu babu wanda ya maye gurbin PSA.

Yawanci ana gwajin duk wata uku zuwa shida da farko, a koma wata shida zuwa shekara, bayan shekara biyar kuma sau ɗaya a shekara. Ki samu ƙaramin littafi ki riƙa rubuta kwanan wata da lamba, ki kuma ɗauki hoton kowace takarda. Ku tsaya a ɗakin gwaji ɗaya in da hali, domin injuna suna ɗan saɓawa. Idan kuma ya fara ciwon baya ko na ƙugu da ba ya lafawa, ko ƙafafunsa suka yi nauyi, ko fitsari ya tsaya, kada a jira ranar da aka rubuta, a tafi asibiti a ranar.

'Ya'yansa maza da ƙannensa su ma a sanar da su, domin cutar tana bin jini. Su fara maganar gwaji da likita tun suna shekara 40 zuwa 45.