Tauraron Ɗan'adam Ba Ya Ganin Ƙarƙashin Gonarka

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin Kurfayawa, tun daga kasuwar Filinge har ƙauyukan da ke bisa tudu nesa da Dallol Boso, wadda yin shiru a kanta ya zama cin amanar ilimi, ita ce wai taurarin da Turawa suka harba sama suna hango abin da ke binne a ƙasa, ruwa ne ko zinariya, kuma wai akwai masu wayar hannu da za su nuna maka wurin in ka ba su abin goro. Na ga irin takardar da suke yawo da ita: taswira ce mai ɗigon ja da shuɗi, an zagaye wani wuri da biro, mai ita ya ɗora yatsa yana cewa, "Alhaji, nan ne, gaba goma sha biyu kacal." Alhaji kuwa, da yake ƙishirwar dabbobinsa ta ishe shi, sai ya kai sa kasuwa.

Na'urar da ake jingina wa wannan ƙarya sunanta radar, aikinta kuwa bai da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa yin kira a gindin dutsen dallol ya ji amsa-kuwwa ta dawo masa. Tauraron yana aiko da igiyoyin rediyo a karkace, sa'an nan ya saurari abin da ya komo, ya auna ƙarfinsa da lokacin da ya ɗauka, daga nan kwamfuta ta haɗa hoto. Da yake shi ke samar da haskensa, dare da rana duk ɗaya ne gare shi, kuma hadari ko hazon hunturu ba su tare masa hanya. Sentinel-1A, wanda Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta harba ranar 3 ga Afrilu 2014, yana shawagi a tsayin kilomita 693, kusan ninki huɗu na tafiyar Filinge zuwa Yamai, yana ɗaukar faɗin kilomita 250 a wucewa guda.

To, ina hujjar masu taswira? Igiyar wannan tauraro tsawonta bai kai santimita 6 ba, kuma da zarar ta haɗu da ƙasa mai laima, ƴan santimitoci kaɗan take shiga, sauran ya komo sama ko laimar ta shanye shi. Ashe ke nan ruwan da ake cewa tana nemowa shi ne ainihin abin da ke toshe mata hanya, ta yaya za ta ratsa gaba ashirin na yumɓu da marmara ta je ta gano shi? Bugu da ƙari, kowane ɗigo guda a hotonsa yana wakiltar fili mai mita 5 faɗi, 20 tsawo, wanda ya fi wani gidan girma, balle a ce zai bambance ƙwayar zinariya daga tsakuwa. Hoton ma asalinsa fari da baƙi ne. Ja da shuɗin nan hannun mutum ne ya sa su.

Kowace ƙarya tana da ɗan gaskiyar da ta rataya a kai. A watan Nuwamba 1981 kumbon Amurka mai suna Columbia ya ɗauki wata radar mai igiya doguwa, kimanin santimita 23, ta bayyana tsofaffin hanyoyin koguna a ƙarƙashin rairayin iyakar Masar da Sudan. Amma wannan rairayi ne da kan shekara da shekaru bai ga ɗigon ruwa ba, zurfin da aka gani bai wuce ƴan mitoci ba, kuma siffar kwari aka gani, ba ruwa ba. Talauci da zazzaɓin zinariya tun bayan gano ta a Jado a 2014 su suka ƙarasa sauran.

Amfanin na'urar na haƙiƙa a doron ƙasa yake, domin ruwa kwantacce yakan karkatar da igiyar ya fito baƙi ƙirin, gine-gine su fito fari, ta haka ake auna ambaliya irin ta Yamai a 2020 ko da sama a rufe take.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai niyyar haƙa rijiya, kafin ka fitar da ko dala, tambayi tsofaffin mahaƙa gaba nawa rijiyoyin maƙwabta suka ci, wace irin ƙasa aka tarar, kuma ruwan yana kai wa bazara ko yana ƙafewa. Sa'an nan ka je ma'aikatar ruwa ta gwamnati a duba maka bayanan rijiyoyin yankin. Idan aikin babba ne, a kawo masu awon ƙasa waɗanda ke kafa ƙarafa su ja waya a filin kansa, su ma ƙiyasi suke bayarwa, ba yaƙini ba. Wanda ya ce ya ga ruwa, ka ce masa biya sai guga ya jiƙe, a rubuta sharaɗin gaban mai gari da liman, domin sayen abin da ba a san samuwarsa ba shi ne malaman fiƙihu ke kira cinikin garari. In ya ce hoton da tsada ya sayo shi, ka sani hotunan Sentinel kyauta ake ba kowa a intanet.