FASHIN BAƘI: Yadda rumbun ajiya na bai-ɗaya ke hana fayil ɓacewa a ofis

A ranar 8 ga Afrilu, 2020, gobara ta tashi a ofishin Akanta-Janar na Tarayya da ke Abuja. Tun kafin hayaƙi ya lafa, jama'a suka fara tambayar makomar takardun kuɗi. Tambayar ta shafi kowace ma'aikata da ke jibge bayananta a kabad ko a kwamfutar mutum ɗaya.

Rumbun ajiya na bai-ɗaya wuri ne a kan babbar kwamfuta, inda ma'aikata ke adana fayiloli, kowa ya buɗe su daga teburinsa ta layin sadarwar ofis. Akwai kuma irinsa da ke kan intanet, kamar Google Drive da Microsoft SharePoint.

Amfaninsa na farko shi ne takarda ɗaya ce ke gaban kowa. Idan daftarin kasafi na yawo a filashi da WhatsApp, kowa zai gyara kwafinsa, ƙarshe a rasa wanne ne sahihi.

Na biyu, aiki ba ya bin ma'aikaci. Ko an yi wa jami'i canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, magajinsa zai tarar da komai.

Na uku, shugaban sashe na iya ƙayyade wanda zai karanta fayil da wanda zai gyara shi. In an kunna rajistar shiga, za a ga sunan wanda ya sauya ko ya goge abu, da lokacin da ya yi hakan.

A nan ne batun ya taɓa ɗan ƙasa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomin gwamnati adana bayanan ayyukansu, da amsa buƙatar mai nema cikin kwana 7. Hukumar da fayilolinta ke wuri guda, da wuya ta fake da cewa mai riƙe da fayil ba ya nan.

Sai dai rumbun da ke cikin ginin da ya kama wuta, tare za su ƙone. Masu kutse ma na iya kulle shi su nemi fansa. Don haka wajibi ne a riƙa ajiye kwafi a wani wuri dabam, ana gwada shi lokaci-lokaci.