Amsa-amo da Ma'ana a Kalmomin Ingilishi

1. Gabatarwa

Malaman da ke koyar da Ingilishi a kolejojinmu sukan yi amfani da jerin kalmomi masu amsa-amo, irin su cat «kyanwa», hat «hula», rat «ɓera», domin su saba wa ɗalibai da furuci, su kuma ƙara masu yawan kalmomi. Dabara ce mai amfani. Sai dai ɗalibin da ya tashi da Hausa, ya kuma yi karatunsa da Faransanci, yana zuwa da sabo iri biyu: yana auna amsa-amo da gaɓar ƙarshe, yana kuma tsammanin kalmomin da ƙarshensu ya zo ɗaya su yi tarayya a ma'ana. Duka biyun sukan ɓatar da shi. A wannan maƙala za mu duba abin da ake kira amsa-amo a Ingilishi, da dalilin da ya sa rubutu ba ya nuna shi, da kuma iyakar dangantakarsa da ma'ana.

2. Yadda ake auna amsa-amo

A rubutacciyar waƙar Hausa, ƙafiya tana kan gaɓar ƙarshe, watau baƙi da wasalinsa: in baiti ya ƙare da -ya, sauran ma su ƙare da -ya. Faransanci bai yi nisa da wannan ba, tun da yake ƙarfin furuci a ƙarshen kalma yake sauka. A Ingilishi kuwa ƙarfin furuci yana iya sauka a kowace gaɓa, kuma daga wasalin gaɓa mai ƙarfi ake fara awo har zuwa ƙarshen kalma. Saboda haka city «birni» da pity «tausayi» suna da amsa-amo, amma city da beauty «kyau» ba su da shi, ko da yake kunnen Bahaushe zai karɓe su nan take, don gaɓarsu ta ƙarshe ɗaya ce.

Akwai sharaɗi na biyu: dole baƙin da ya gabaci wasalin nan ya bambanta. Kalmomin bear «ɗauka» da bare «tsirara» furucinsu ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, shi ya sa mawaƙan Ingilishi ba su ɗaukar haɗa su gwaninta. A waƙar Faransanci kuwa daidaituwar wannan baƙi abin yabo ce, a ƙafiyar Hausa ma ita ce ginshiƙi. Abin da ɗalibinmu ya sani a matsayin cikar ƙafiya, shi ne aibi a can.

3. Rubutu da furuci

Ingilishi yana da haruffa 26, amma ƙwayoyin sautinsa sun kai wajen 44 a karin kudancin Ingila, kusan 20 daga cikinsu wasula. Ƙarancin haruffa dalili ɗaya ke nan. Babban dalilin na tarihi ne. Tsakanin wajen shekara ta 1400 da ta 1700 dogayen wasulan harshen suka sauya furuci, sauyin da masanin harshe Otto Jespersen, mutumin Danmak, ya yi wa suna. Ana cikin haka William Caxton ya kafa ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya soma daskarewa alhali furuci bai gama tafiya ba.

Sakamakon yana nan a fili. Kalmomin food «abinci», good «mai kyau» da blood «jini» a da wasalinsu ɗaya ne, a yau uku ne mabambanta. A farkon ƙarni na 18 mawaƙi Alexander Pope ya haɗa tea «shayi» da obey «yi biyayya», domin a lokacin furucin kalmar shayi ya yi kusa da na Faransanci. Yau ta koma amsa wa sea «teku». Misalin da ya fi shahara shi ne na jerin haruffan -ough:

rough «kaushi» tana amsa wa stuff «tarkace»
cough «tari» tana amsa wa off «a kashe»
though «ko da yake» tana amsa wa go «tafi»
through «ta cikin» tana amsa wa blue «shuɗi»
plough «garma» tana amsa wa cow «saniya»

Rubutu ɗaya, furuci biyar. Irin wannan kamanni da ido kaɗai ke gani muna iya kiransa amsa-amon ido. Ya isa hujja cewa jerin da malami ya tsara bisa haruffa zai koyar da kuskure.

Har wa yau, karin harshe yana da hannu a ciki. A Landan law «doka» da more «ƙari» suna amsa wa juna, saboda ba a furta r a ƙarshen kalma. A Sikotilan da galibin Amurka ana furta shi, amsa-amon ya rushe. A arewacin Ingila put «ajiye» da cut «yanka» suna da wasali ɗaya, a kudu ba haka ba ne. Duk mai tsara jeri sai ya fara tsai da karin da zai bi.

4. Amsa-amo da ma'ana

A Hausa kamannin ƙarshen kalma sau da yawa yana fitowa ne daga ɗafa-ƙeya: Larabci, Fulatanci, Zabarmanci duk harsuna ne, jaruntaka, ƙasaitaka, dangantaka duk sunayen hali ne ko yanayi. A Ingilishi muna iya rarrabe matakai huɗu.

4.1. Amsa-amon katari. Shi ne mafi yawa. Babu abin da ya haɗa night «dare», kite «shirwa», write «rubuta» da height «tsayi» sai sauti. Harshen yana da gajerun kalmomi masu gaɓa ɗaya da yawan gaske, dole wasu su yi karo.

4.2. Amsa-amon ɗafi. Kalmomi irin su creation «halitta», education «ilimi», translation «fassara» sun yi tarayya a ɗafa-ƙeyar da ke mai da aikatau suna. Nan kaɗai sabon Bahaushe ke yi masa amfani kai tsaye. Galibin waɗannan kalmomi daga Latin da Faransanci suka shigo, saboda haka ɗalibinmu ya san ma'anarsu tun kafin ya iya furta su. Abin da zai koya shi ne wurin ƙarfin furuci, wanda ke sauka a gaɓar da ta gabaci ta ƙarshe.

4.3. Amsa-amo mai inuwar ma'ana. Wannan mataki ne ya fi ɗaukar hankalin masana. J. R. Firth ya yi magana a kansa a 1930, Dwight Bolinger kuma ya faɗaɗa binciken a wata maƙala ta 1950. A dubi wannan rukuni: bash «make», smash «farfasa», crash «karo», clash «arangama», slash «sara», lash «tsula bulala», dash «zabura», splash «fantsama», flash «walƙiya». Dukkansu suna nuni da motsi mai ƙarfi wanda ke aukuwa farat ɗaya. Haka nan bump «ƙulu», lump «curi», hump «tozo», stump «kututture», clump «kurmi» da plump «ɓulɓul» suna nuni da abu dunƙulalle mai tudu.

To, shin -ash ƙwayar ma'ana ce? A'a. In aka cire ta daga bash, abin da ya rage, watau b, ba shi da wata ma'ana, alhali in aka cire ɗafa-ƙeya daga Larabci saiwar kalma tana nan. Sa'an nan akwai kalmomin da suka ƙi bin rukunin: ash «toka», cash «tsabar kuɗi», wadda ta fito daga kalmar akwatin kuɗi ta Faransanci, da sash «ɗamara», wadda asalinta Larabci ne. Abin da ke nan dai sabo ne na kunne: kalmomi sun taru a kan sauti ɗaya, sai mai magana ya riƙa jin ma'anar a cikin sautin. Mai jin Hausa ya san irin wannan a amsa-kama, kamar yadda tsundum da funjum ke kawo masa faɗawar abu mai nauyi cikin ruwa. Inuwar ma'ana tana taimaka wa tunawa, amma ba a iya dogara da ita a fassara kalmar da ba a sani ba.

4.4. Amsa-amo mai ƙirƙiro ma'ana. Wani lokaci amsa-amon ne da kansa ke haifar da kalma. Akwai tagwayen kalmomi irin su helter-skelter «a gurguje cikin ruɗu», hocus-pocus «rufa-ido», da pell-mell «a hargitse», wadda aka aro daga Faransanci. Rabin irin waɗannan sau da yawa ba ya da ma'ana shi kaɗai. Akwai kuma zaurancen talakawan gabashin Landan, wanda John Camden Hotten ya tattara a ƙamus ɗinsa na 1859. Ana maye kalma da wani furuci mai amsa mata: apples and pears «tuffa da fiya» na nufin stairs «matakala». Daga baya sai a yar da kalmar da ke ɗauke da amsa-amon. Furucin loaf of bread «curin burodi» yana amsa wa head «kai», ya gajarce ya zama loaf. Butcher's hook «ƙugiyar mahauci» yana amsa wa look «duba», ya zama butcher's. Baƙon da ya ji an ce masa ya yi amfani da burodinsa, alhali ana nufin ya yi tunani, ba shi da hanyar ganewa sai an faɗa masa.

5. Abin da ya shafi aikinmu

Tsara kalmomi bisa ƙarshensu tsohuwar dabarar koyarwa ce a Ingila. Peter Levins ya wallafa ƙamus na Ingilishi da Latin mai wannan tsari tun 1570. Ƙamus ɗin John Walker na 1775 ya jera kalmomi ne ta bin haruffa daga ƙarshe zuwa farko, wanda ya sa kalmomin -ough suka zauna wuri guda duk da saɓanin furucinsu. Masu tsara littattafan karatu suna iya kauce wa wannan matsala ta hanyoyi uku.

Na farko, a tsara kowane jeri bisa furuci, a haɗa masu rubutu mabambanci da gangan, kamar blue, through da shoe «takalmi», domin ɗalibi ya daina dogara da ido. Na biyu, a nuna gaɓa mai ƙarfi a kowace kalma da ta wuce gaɓa ɗaya. Na uku, a ba kowace kalma ma'anarta cikin jimla, a kuma gaya wa ɗalibi a wane mataki cikin huɗun nan jerin yake.

Darasin ya shafi littattafan yaƙi da jahilci na Hausa ma. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka mu ma muna da namu kamannin ido. Kalmar fara tana iya zama ƙwaron da ke cinye amfanin gona, ko launin mace, ko soma aiki, kuma furucin ukun ya bambanta. Wanda ya tsara jerin kalmomi domin sababbin masu karatu ya kamata ya furta su da baki, ya kuma sa wani mai jin harshen ya saurara, kafin a kai su ɗab'i.